Sharhi: 'Yan gayyar soɗi a intanet da bashin dalar da suke bar wa masu ƙananan manhajoji

A ranar 2 ga watan Agustan 2023, mako guda bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta fitar da gargaɗin cewa wasu masu kutse sun sa hanyoyin sadarwar ƙasar a gaba. A daidai wannan lokaci ne wata ƙungiya mai kiran kanta Anonymous Sudan ta yi iƙirarin kai wa kamfanin MTN na Najeriya hari, a matsayin martani kan barazanar da ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO ta yi ta tura sojoji Nijar.

A Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, ba wannan labari ne ya dami mutane a makon ba. An rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya, an yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, farashin kaya ya fara tashi. Amma makamin da aka gwada a kan MTN ya shafi kowane matashi da ya ɗora shafi ko manhaja a intanet, daga Madarunfa har Kano.

Ana kiran irin wannan hari DDoS. Ba a fasa ƙofa, ba a sace komai. Dubban na'urori ake turowa su yi ta neman shafi ɗaya a lokaci guda, har kwamfutar da ke ɗauke da shi ta kasa amsa wa masu buƙata na gaskiya. Da shi ƙungiyar ta durƙusar da shafin eCitizen na gwamnatin Kenya a watan Yulin 2023. A watan Oktoban 2024 ma'aikatar shari'ar Amurka ta bayyana tuhumar da take yi wa wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sudan da jagorantar ƙungiyar, inda ta ce an kai hare-hare sama da 35,000 da kayan aikinsu, kuma suna bayar da su haya ga duk wanda ya biya.

Kamfani kamar MTN yana da ma'aikata da kuɗin da zai tare irin wannan cunkoso. Idan ma ya sha kashi na 'yan sa'o'i, zai tashi. Mai ƙaramar manhaja kuwa, faɗuwar shafin ita ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Mafi muni shi ne shafin ya ƙi faɗuwa, ya yi ta amsa wa baƙin bogi har gari ya waye, mita tana gudu.

Mitar da ba ta yanke wuta

A ɗauki misalin matashin da ya kammala karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ya koma gida Madarunfa, ya haɗa 'yar manhajar da ke nuna farashin hatsi da na zogalen Jiratawa da canjin naira da sefa a bakin iyaka. Ba shi da kwamfutar da za ta kwana a kunne, balle wutar da za ta riƙe ta. Don haka sai ya yi abin da kowa ke yi: ya ɗora ta a kwamfutocin haya na manyan kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft, ko ƙanana da ke kansu irin su Vercel da Netlify. Wannan shi ne abin da ake kira gajimare. An ce masa matakin farko kyauta ne, sai dai ya saka lambar katin banki.

Matashin nan ya taso ne a cikin tsarin biya kafin amfani. Idan ya sayi data ta jika ɗaya a Airtel ko Zamani ko Moov, da ta ƙare sai intanet ya ɗauke. Katin waya haka yake. Mitar wuta mai kati haka take. A wannan tsari, asarar mutum ba ta wuce abin da ya zuba.

Gajimare akasin haka yake aiki. Ana amfani tukuna, a ƙirga daga baya, kuma a yawancin tsare-tsaren babu iyakar da lissafin zai tsaya. Ana cajin kowace buƙata da ta iso, da kowane daƙiƙa da kwamfuta ta yi tana aiki, da kowace gigabayit da ta fita zuwa wayar mai ziyara. Idan baƙi suka ninka sau dubu, tsarin da kansa zai ƙaro kwamfutoci don ya ɗauke su. Wannan shi ne abin da kamfanonin ke tallatawa a matsayin babbar fa'ida, kuma fa'ida ce ga banki ko kamfanin jirgin sama. Sai dai mitar ba ta tambayar ko baƙon mutum ne mai neman farashin gero, ko na'ura ce da aka saki.

Ko kalmar da ake lissafin da ita tana da tarko. A kasuwar Maraɗi, dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa. A takardar biyan kuɗin gajimare, dala ɗaya ta Amurka ce, wadda a 'yan shekarun nan take kai-komo tsakanin sefa 550 da ɗoriya zuwa 600 da ɗoriya.

A watan Fabrairun 2024 wani mai ƙaramin shafi kan harshen Kanton na kudancin China ya ga abin da hakan ke nufi. Shafin nasa ya shafe shekaru a matakin kyauta na Netlify, kuma baƙinsa ba su wuce kusan 200 a rana ba. Kwatsam sai ga takardar biyan dala 104,500. A cikin kwana huɗu an ja terabayit 190 daga shafin, akasari ta hanyar sauke wani fayil ɗin sauti guda ɗaya mai megabayit 3.44, sau miliyoyi. A lokacin, kamfanin yana cajin dala 55 kan kowace gigabayit 100 da ta haura rabon kyauta. Da ya kai kuka, sai aka ce an yi masa rangwame, ya biya kashi 5 cikin 100, wato sama da dala 5,000. Sai da labarin ya karaɗe shafukan sada zumunta, masu harkar fasaha suka yi wa kamfanin caa, sannan shugabansa ya fito ya ce an yafe baki ɗaya.

A kuɗin Nijar, wannan takarda ta haura sefa miliyan 60. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar jika 42 ne a wata. Mai irin wannan albashi zai shekara sama da 100 bai biya ba, ko da bai ci ko loma ɗaya ba.

Abin lura a labarin shi ne fayil ɗin sauti. Shafukan Hausa cike suke da sauti da bidiyo: tafsiri, wa'azi, waƙoƙi, shirye-shiryen rediyo. Karatun da ya kai megabayit 30, idan wata na'ura ta sauke shi sau 100,000 a dare ɗaya, ya zama terabayit 3. A farashin Amazon na kusan santi 9 kan kowace gigabayit, dala 270 ke nan, wato jika 150 ko fiye. Albashin wata uku da ɗoriya a dare guda, a kan fayil ɗaya, kuma babu ɗan adam ko ɗaya da ya saurari karatun.

Wata biyu bayan na Netlify, a Afrilun 2024, wani injiniya ya buɗe rumbun ajiya a tsarin S3 na Amazon don gwaji. Rumbun a kulle yake, kuma babu abin kirki a ciki. Cikin kwana biyu lissafinsa ya haura dala 1,300. Ashe sunan da ya raɗa wa rumbun ya zo ɗaya da wanda wata fitacciyar manhaja ke amfani da shi, sai kwamfutocin wasu kamfanoni suka yi ta ƙoƙarin zuba bayanansu a ciki, kusan sau miliyan 100 a yini ɗaya. Amazon ya ƙi karɓar saƙonnin, amma ya caji mai rumbun kuɗin ƙin karɓar. Bayan surutu ya yi yawa, kamfanin ya soke bashin, kuma a watan Mayu ya sanar da daina cajin masu rumbu kan irin waɗannan buƙatu da ba su da izini.

Wani lokacin ma ba mugunta ko kuskure ke kawo shi ba. A watan Yunin 2024 masu zane-zane da suka fusata da manufofin Meta sun yi ƙaura zuwa wata ƙaramar manhaja mai suna Cara. Masu amfani da ita suka tashi daga 40,000 zuwa 650,000 cikin mako guda, sai Vercel ya aiko wa mai ita, Jingna Zhang, takardar dala 96,280.

Su wane ne baƙin?

Ba kasafai ƙungiya irin Anonymous Sudan za ta damu da manhajar farashin gero ba. Waɗanda za su zo mata kullum, 'yan gayyar soɗi ne: ƙananan manhajoji masu sarrafa kansu, da ake kira bot, waɗanda ke yawo a intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Sabon shafi yakan fara ganinsu tun kafin mai shi ya tura wa abokansa adireshin. Rahoton kamfanin tsaro na Imperva ya ce a 2024 na'urori ne suka yi kashi 51 cikin 100 na zirga-zirgar shafukan intanet, kuma kashi 37 cikin 100 masu mugun nufi ne. Wasu na neman kafar da za su shiga, wasu na gwada kalmomin sirrin da aka sato daga wani wuri, wasu na cika fom da tallan caca.

Sabbin shiga cikinsu su ne masu kwasar rubutu da hotuna don horar da ƙirƙirarriyar basira ta AI. Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia har da ta Hausa, ta bayyana a Afrilun 2025 cewa yawan bayanan da ake ja na hotuna da bidiyo ya ƙaru da kashi 50 cikin 100 daga Janairun 2024, kuma na'urori ne ke haddasa kashi 65 cikin 100 na zirga-zirgar da ta fi cin kuɗi. Dalilin yana da sauƙin ganewa. Mutane sukan taru a kan shafuka kaɗan da ake yayi, waɗanda an riga an ajiye kwafinsu a kusa. Na'ura kuwa ba ta zaɓe, tana bin kowane lungu, har shafin da aka shekara ba a buɗe ba, sai an je babban rumbu an ɗauko mata. Shafin Read the Docs, mai ajiye littattafan bayanin manhajoji, ya ce wata na'ura guda ta sauke terabayit 73 a watan Mayun 2024, abin da ya ci masa sama da dala 5,000.

Akwai kuma wata ƙofar da ta fi kusa da manhajojin yankin nan, wato saƙon tes. Da yake mutane da yawa ba su da adireshin imel da suke dubawa, kusan kowace manhaja da lambar waya take yi wa mutum rajista, ta tura masa lambar tabbatarwa. Mai manhajar ne ke biyan kuɗin kowane saƙo. 'Yan damfara sukan haɗa baki da masu riƙe da wasu jerin lambobin waya a wata ƙasa, su sa na'ura ta yi ta neman lambar tabbatarwa zuwa waɗannan lambobi, sannan su raba kuɗin da aka biya na isar da saƙonnin. Elon Musk ya ce irin wannan zamba tana cin Twitter dala miliyan 60 a shekara, kuma daga watan Maris na 2023 kamfanin ya taƙaita tabbatarwa ta tes ga masu biyan kuɗi kawai. Idan Twitter ya ji a jikinsa, fom ɗin rajistar da aka bari a buɗe a Maraɗi kamar famfo ne da aka manta a kunne aka yi tafiya.

Katin wa aka saka?

A nan ne maganar ta iso kan 'yan ci-rani da mazauna ƙetare. Kamfanonin gajimare katin da ke aiki a ƙasashen waje suke so. A Najeriya, bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a ƙetare tun daga 2022, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi. A Nijar, hada-hadar yau da kullum ta fi tafiya ta hannun Nita da Amana da Al Izza fiye da katin banki. Mafita mafi sauƙi ga matashin Madarunfa ita ce ya kira yayansa da ke Faransa ko Amurka ko Saudiyya ya ce, “Yaya, ara mini lambar katinka, kyauta ne, tabbatarwa kawai suke so.”

Yayan ya ba da lambar da zuciya ɗaya, kamar yadda yake turo kuɗin cefane. Bambancin shi ne kuɗin cefane shi ke yanke adadinsa. Wannan kuwa izini ne ya bayar a cire duk abin da mita ta nuna a ƙarshen wata. Idan katin bashi ne, kuɗin zai fita ko babu ko sisi a asusunsa, ya koma bashin banki mai ruwa. Duk wanda za a ari katinsa yana da haƙƙin ya tambayi abu biyu kafin ya karanto lambar: nawa ne mafi yawan abin da za a iya cirewa a wata, kuma me zai tsayar da shi idan an kai wurin? Idan amsar ita ce “za su turo saƙo”, to ba a amsa tambayar ba.

Katin da ake zuba wa kuɗi kafin amfani ya fi aminci ta wannan fuska, domin ba za a cire abin da babu ba. Amma bai goge bashin ba. Kamfanin zai iya rufe asusun, tare da duk bayanan da ke ciki.

Ga na ɓangaren Najeriya, akwai ƙarin ciwo. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Takardar dala 100 da ba ta canza ba ta tashi daga naira 46,000 zuwa sama da 150,000. Wannan ne ya sa wasu kamfanonin Najeriya suka fara duba na gida irin su Nobus da Layer3 da Galaxy Backbone mai cibiyar bayanai a Kano, kuma a Janairun 2025 Amazon ya fara karɓar naira. Sefa da ke ɗaure da yuro a kan 655.957 ba ta yi irin wannan faɗuwa ba. Sai dai biya da kuɗin gida tsadar canji kawai yake ragewa, mitar tana nan.

Abin da ke tarewa da abin da ba ya tarewa

Shawarar da aka fi bai wa sabon shiga ita ce ya saita gargaɗin kasafi. Yana da amfani, amma a san iyakarsa. Takardun Google Cloud sun faɗa ƙarara cewa saita kasafi ba ya tsayar da kashe kuɗi, sanarwa kawai yake aikowa. Ƙididdigar kanta takan yi jinkirin sa'o'i kafin ta bayyana. Saƙon da ya shigo imel da ƙarfe uku na dare, wayar tana wurin mai caji, ko a ranar da sabis ya ɗauke, ihu ne bayan hari. Mai son gargaɗin ya yi aiki sai ya haɗa shi da umarnin da zai kashe manhajar da kansa idan an kai adadin, ko ya zaɓi kamfanin da ke da makunnin dakatarwa, kamar wanda Vercel ya samar, kuma ya tabbatar ya kunna shi.

Matakin da ya fi kowanne tasiri ana ɗaukarsa ne tun kafin a ɗora komai, wato zaɓen inda za a ɗora. Terabayit ɗaya da ta fita, a farashin Netlify na wancan lokaci dala 550 ce. A Amazon kusan dala 90. Kamfanin Hetzner na Jamus kuwa yana haɗa terabayit 20 a cikin kuɗin wata na ƙaramar kwamfutar haya a cibiyoyinsa na Turai, abin da ya haura kuma kusan yuro 1 ne kan kowace terabayit. Da a can aka ja terabayit 190 ɗin nan, da lissafin bai kai yuro 250 ba. Hasali ma ƙaramar kwamfutar da ake biyan 'yan daloli tsayayyu a wata ba za ta iya fitar da wannan adadi a kwana huɗu ba. Za ta shaƙe, shafin ya yi nauyi ko ya ɗauke.

Ga manhajar farashin hatsi, wannan shaƙewa kariya ce. Idan ta ɗauke na yini ɗaya, ɗan kasuwa zai buga waya Jibiya ya tambayi farashi, kamar yadda yake yi tun kafin a haifi mai manhajar, gobe kuma ya dawo. Bashin sefa miliyan biyu kuwa zai rufe ta har abada. Yawancin matasan da ke gina manhaja suna kwaikwayon tsarin manyan kamfanonin da faɗuwar minti ɗaya ke janyo musu asarar miliyoyi, alhali lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Bayan wannan sai garkuwa. Tun 2017 kamfanin Cloudflare ke tare harin cunkoso ba tare da ƙarin caji ba, har a matakinsa na kyauta. Yana tsayawa tsakanin baƙo da kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ya ajiye kwafin hotuna da shafukan da ba sa canzawa, ya riƙa bayarwa daga wurinsa, ta yadda yawancin buƙatu ba sa isa inda mita take. Daga 1 ga Yulin 2025 ya fara toshe masu kwasar bayanai na AI kai-tsaye ga sabbin shafuka, sai in mai shafin ne ya buɗe musu. Kafofin yaɗa labarai da ƙungiyoyin farar hula suna iya neman ƙarin kariya kyauta ta shirin Project Galileo na Cloudflare ko Project Shield na Google. Garkuwar ba ta da amfani idan ainihin adireshin kwamfutar a bayyane yake, domin mahari zai zagaya ta baya. Dole a saita kwamfutar ta ƙi amsa wa kowa sai wanda ya biyo ta garkuwar. Ita ma garkuwar takan faɗi: a ranar 18 ga Nuwamban 2025 matsala a Cloudflare ta ɗauke X da ChatGPT da ɗimbin shafuka na sa'o'i.

Manyan fayiloli na sauti da bidiyo ba su da dalilin zama inda ake cajin fita. YouTube da Telegram suna ɗauka kyauta, kuma akwai rumbuna irin R2 na Cloudflare da ba sa cajin abin da aka sauke. Duk wurin da latsawa ɗaya ke cin kuɗi, kamar tura tes ko yi wa AI tambaya, a sa masa adadin da ba zai wuce ba a rana, kuma a rufe tura tes zuwa ƙasashen da manhajar ba ta da jama'a. Makullan sirri na asusun ma kada su shiga cikin lambobin manhajar da aka wallafa a GitHub, domin akwai na'urorin da aikinsu ke nan, su tsince su su buɗe kwamfutoci masu tsada da sunan mai asusun don haƙar kuɗin kirifto.

Matsalar bakin iyaka

Akwai shawarar da ke yawo wadda ba ta dace da Madarunfa ba: a toshe duk ƙasashen waje, a bar ƙasar mai manhajar kawai. A yankin da ya haɗa Ɗan Isa da Gabi da Jibiya, aljihu ɗaya yakan ɗauki layin Nijar da na Najeriya, a yi amfani da wanda ya fi kamawa. Mutumin da ke zaune a cikin Nijar zai iya bayyana a matsayin baƙo daga Najeriya. Mai amfani da Opera Mini, buƙatarsa tana bi ta kwamfutocin kamfanin ne kafin ta iso, don haka zai iya bayyana daga wata nahiyar. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023 kuma a Nijar a 2025, ya ƙara dagula wannan taswira. Sannan ga ɗan garin da ke Agadas ko Libiya ko Aljeriya ko Abijan, wanda ke duba canji kafin ya turo kuɗi gida. Shi ne ma mai ziyarar da ya fi kowa buƙatar manhajar, kuma shi toshewar ƙasa za ta fara kora.

Haka abin yake ga ƙayyade yawan buƙata bisa adireshin intanet. Kamfanonin waya sukan haɗa ɗaruruwa ko dubban masu layi a bayan adireshi ɗaya. Idan aka ce adireshin da ya nemi shafi sau 50 a minti ɗaya na'ura ce, ana iya rufe wa unguwa guda ƙofa a ranar kasuwa. Ya fi dacewa a ɗaura iyakar a kan asusun mutum ko lambar wayarsa, kuma a tsananta ta a wuraren da ke cin kuɗi kawai, a bar karanta farashi a sake. Gwajin nan na “nuna hotunan da ke da fitilar hanya” ma, a ƙaramar waya mai sabis da ke rarrafe, ya fi korar manomi fiye da na'ura, kuma datarsa yake ci. Akwai gwaje-gwaje marasa hoto irin Turnstile da suka fi sauƙi, kuma ko su a bakin fom ɗin rajista ya kamata su tsaya.

Kamfanonin gajimare suna da hujjarsu ta ƙin sa iyaka ta dole: ba sa son su kashe shafin abokin ciniki a ranar da kasuwarsa ta buɗe, kamar yadda ta buɗe wa Cara. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta bayyana dalilin da zai hana a tambayi mutum tun ranar rajista ko ya fi son a kashe ko a ci gaba da caji ba. A labarin Netlify da na S3 an yafe bashin, kuma duka biyun sun yi suna ne saboda masu su sun rubuta kukansu da Turanci a inda injiniyoyin Amurka ke karantawa. Wanda zai yi nasa kukan da Hausa ko Faransanci daga Madarunfa ba shi da tabbacin samun irin wannan kunne. Yarjejeniyar da ya latsa amincewa da ita tana ƙarƙashin dokar wata ƙasa, kuma babu ofishin da zai shiga a Maraɗi ko Yamai a soke masa takardar. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019, wadda aka yi wa gyara a Yunin 2024, an fi jin ta a kan abin da mutane ke wallafawa.

Abin da ke hannun hukumomi da cibiyoyin gida shi ne koyarwa. Hukumar ANSI da cibiyar CIPMEN a Nijar, da shirin 3MTT a Najeriya, da sassan kwamfuta na jami'o'in Maraɗi da Katsina da Kano, duk suna tura matasa su gina su ɗora. Karanta shafin farashi da lissafa mafi munin abin da dare ɗaya zai iya ci ya cancanci zama darasin makon farko, kafin ɗalibi ya kira yayansa neman lambar kati.

Matsin lamba ya ɗan motsa kamfanonin. A Nuwamban 2024, wata tara bayan takardar dala 104,500, Netlify ya fito da matakin kyauta wanda ke dakatar da shafi idan rabon wata ya ƙare, maimakon ya ci gaba da caji. A Yulin 2025 Amazon ya kawo wa sabbin masu rajista tsarin gwaji na wata shida wanda ba a cire kuɗi a cikinsa sai mutum ya sauya mataki da kansa. Da zarar wata shidan sun cika ya koma matakin biya, mitar da ba ta yankewa ce ke jiransa.